Kwalin Maganin Baba Kudu

Tunda nake ban taɓa ganin mutumin da cin abu shi kaɗai ke yi wa ciwo irin Baba Kudu ba. Idan ka ba shi dafaffen ƙwai guda ɗaya, ba zai kai baki ba sai ya waiga dama da hagu, ya ƙirga mutanen da ke wurin, sannan ya zaro 'yar wuƙarsa ta yankan doya. Na taɓa cin kashi ɗaya cikin bakwai na ƙwai a hannunsa. Ban ji ɗanɗanon komai ba, amma na yi godiya, don ya tsare ni da ido har sai da na haɗiye.

Ni sunana Suleiman, tela ne, kekena na bakin layin 'yan doya a Kasuwar Kure, rumfata jingine da tasa shekara goma sha biyu ke nan. Ubana Bakatsine ne, duk da a nan Minna aka yanke cibiyata. Shi kuwa Baba Kudu Banufe ne na Bida gaba da baya. Don haka duk abin da za ku ji na faɗa a kansa ina da hurumi, tsakaninmu da Nufawa akwai wasa tun kaka da kakanni. Yana ce mini bawansa, ina ce masa bawana. Ya ba ni shekara ashirin, amma wasan bai san da wannan ba.

Ya zo Minna yana saurayi, a bayan motar shinkafa, ya sami aiki a reluwe. Shekara talatin ya yi a tasha yana ɗaga tuta, yana sallamar jirage. Da ya yi ritaya sai ya kama sana'ar doya, nan kuma aka gano Allah ya ba shi ido. Motar manoman Paiko ko ta Beji za ta tsaya, kafin a gama saukewa ya nuna da baki ya ce waccan ta yi ruwa a ciki, waccan ƙwaro ya shiga ta gindi, wannan kuwa ita ce ta sakwara. A yanka a gani, haka ne. Matan da ke da gidajen abinci daga Bosso har Tunga ba sa ko taɓa doya in dai Baba Kudu ya ce a ɗauka.

Matarsa, Nna Salamatu, ta sha fama da halinsa. Akwai lokacin da ta ga yana ramewa, ta yanke shawarar riƙa kai masa abinci ƙuryar ɗaki ta ja ƙofa. Kwana biyu tana murna kwano na fitowa a suɗe. Rana ta uku ta zagaya bayan gida ta tarar ya buɗe taga, mai facin taya na unguwar yana tsaye da malmala a hannu. Shekara hamsin a Minna, har yau Hausarsa kan mai da mace namiji, in zai ba da labarin nan cewa yake, “Salamatu ya yi fushi sosai ranar.”

Bara waccan ne idon ya fara. Yanar ido ce ta rufe shi, hagu da dama, a hankali. Da farko mun mai da abin wasa. Wata safiya na gan shi ya rusuna gaban buhun gawayi yana cewa, “Hajiya, ina gajiya? Yaya yara?” Ya daɗe yana jiran amsa, ya dawo yana mita wai matan yanzu girman kai ya yi musu yawa. Na yi dariya har da hawaye. Amma ranar da ya sayi ƙwarya guda ta doya, wato ɗari cif, aka tarar kusan talatin ruɓaɓɓu ne, ban yi dariya ba. Ina kallo masu gidajen abinci suka fara gaishe shi da ladabi suna wucewa rumfar gaba. Nna Salamatu ta ce ya haƙura da kasuwa ya zauna gida. Ya ce ranar da ya zauna gida, a aika a fara haƙa kabari.

Ni na riƙe hannunsa zuwa asibiti. Likitan ido ya haska ya ce abu ne mai sauƙi, aiki ne na ƙasa da awa guda, za a cire yanar ya koma gani tar. Sai aka ɗaura masa abin awon jini a damtse. Nas ta duba, ta sake aunawa, ta kira likita. Lambar sama ta kai ɗari da casa'in. Likita ya ce ba zai taɓa idon mutum jininsa na wannan hawa ba, a je a sauko da shi tukuna. Ya rubuta takarda, ya ba mu rana bayan wata guda.

Da takardar muka je shagon Sista Magdalina Gaiya, a kan hanyar kasuwa. 'Yar Kafanchan ce, gajeriya, da tabarau rataye a wuya, muryarta ta fi jikinta. Kada ka kuskura ka ce mata 'yar kemis. Za ta nuna maka takardar da ke bango ta ce shekara biyar ta yi tana karatun haɗa magani. Kuma tana da doka ɗaya: ba ta sayar da maganin hawan jini a tsaye. Akwai benci, sai ka zauna. Masu sauri sun san haka, shi ya sa suke zuwa wani wuri.

“Baba, ka ji ni da kyau,” in ji ta. “Wannan ciwo ba ya ihu. Kana dariya, kana cin tuwo naka, shi yana aiki nashi a ciki. Ƙwaya ɗaya, kullum da safe. Ba irin na zazzaɓi ba ne da za ka sha kwana uku ka ce ka warke. Ko ka ji garau, ka sha.”

Ta yi maganar gishiri da magi, ta yi ta kanwa, ta yi ta goro. Ta ce in ƙafa ta ɗan kumbura kada ya daina, ya zo ya faɗa mata. Ta sa ya maimaita duk abin da ta ce, ya maimaita tsaf, kamar mai ba da hadda. Ya fito yana sa mata albarka, tun daga ranar kuma ta zama “'yata”. Wallahi ta faɗi komai. Abu ɗaya ne kawai bai zo mata a rai ba, don ba ta san wanda ke zaune a kan bencinta ba.

Mu huɗu ne ke shan shayin safe a gaban rumfarsa: shi, da ni, da Malam Nma mai goro, ƙato mai tumbi wanda ba ya hawa mashin sai an yi ciniki na musamman, da Elijah, tsohon makanikin reluwe, dattijon coci, siriri kamar sandar rake. Safiya ta uku da fara magani, Baba Kudu ya ce kansa ya yi sakayau, wuyansa ya saki. Ni kuma na tashi da ciwon kai, na faɗa. Ban rufe baki ba na ji ƙarar ɓalle katin magani.

“Ungo, bawana. Wannan magani ba na wasa ba ne.”

Na karɓa na kora da shayi. Zuwa hantsi ciwon kai ya tafi. Yau na san shayin ne da hutawa, amma a ranar na yi ta shela. To tunda an ba Sule, yaya za a yi a hana Nma da Elijah suna zaune suna kallo? Washegari kowa ya sami tasa. Abin ya zama kamar rabon goro: a zuba shayi, a yanka burodi, Baba Kudu ya lalubo kati ya bi mu ɗaya bayan ɗaya. In mai shayi ya yi tsaki ya dafa goshi, shi ma a ba shi. In baƙo ya zo daga Bida, ai ba a bar baƙo haka ba.

Maganin wata guda ya ƙare a kwana takwas. Kunya ta hana shi komawa, sai ya aike ni. Na tsaya gaban Sista Magdalina na ce kwalin ne ya faɗa kwata ranar da aka yi ruwa. Ta sa tabarau ta dube ni, ta cire ta sake dubana. Ta ɗauko sabon kwali, ta ɗauki jan alƙalami mai kauri, ta yi rubutu manya-manya har ya cika gefe guda: NA BABA KUDU NE SHI KAƊAI. KADA A BA KOWA.

“Malam Sule, Baba ba ya gani. Kai za ka karanta masa. Kuma ka gaya masa ba zan sake bayarwa ba sai wata ya cika.”

Na ce to. Duk hanya ina shirya yadda zan faɗa. Na iso, na miƙa masa, ya shafa kwalin ya kai kusa da hanci, ya ce yana ganin ja-ja, me 'yata ta rubuta? Nma da Elijah suka leƙa suka karanta, kowa ya mai da kai cikin kofinsa. Ku gaya mini, wa zai dubi mutumin da ya ciyar da shi shekara goma sha biyu ya ce masa an hana ka bayarwa? Ban da haka, kada in yi muku ƙarya, ni ma ina son ƙwayar.

Na ce, “Gaisuwa ce, Baba. Ta ce Allah ya ƙara sauƙi, ya buɗe ido.”

Ya ce amin har sau uku. Ya ce yarinyar nan 'yar albarka ce, Kirista ce amma dubi addu'a. Da maganin ya ƙare bai yar da kwalin ba, ya ninke shi ya sa a aljihun gaba, ya ce ranar da ido ya buɗe shi zai fara karantawa.

Abin da ban lura da shi ba sai daga baya shi ne tsarin rabon. A gidan su Baba Kudu mai gida ne ke ci daga ƙarshe, in ya rage. Haka ya yi da maganin. In mu biyar ne, ƙwaya huɗu ta rage a kati, shi ne zai ce ya riga ya sha a gida. Mako guda ana biki, mako uku babu komai. Muka koma asibiti, ɗari da tamanin da biyar, aka ce a dawo wata mai zuwa. Muka dawo, ɗari da casa'in da biyu. A gida kuwa Nna Salamatu ta cire gishiri daga miya har mai facin taya ya daina zuwa taga, duk a banza. In ya je karɓar na sabon wata Sista ta tambaye shi ko yana sha, sai ya kama yabon magani da sa mata albarka har ta gaji.

A zuwa na uku likita ya ajiye biro ya ce, “Baba, saura mako shida in tafi ƙarin karatu, kuma ban san yaushe za a turo wani ba. Idon damanka ba zai jira shekara ba. Ga rana ta ƙarshe. In jinin bai sauka ba, ba ni da yadda zan yi.” Muka koma a keke Napep. Da muka sauka Baba Kudu ya riƙe hannuna ya ce, “Sule, fuskar Salamatu ta fara ɓace mini.” Tausayinsa ya kama ni, amma ko a lokacin ban haɗa abin da kaina ba. Na ɗauka maganin ne ba shi da ƙarfi.

Bayan kwana huɗu Allah ya tona mu. An kawo mini ankon biki na mata ashirin, kowace da irin wuyan da take so, kaina kamar ya tsage. Na sha tawa. Nma, wanda ashe tsoron maganin bature yake yi kuma ba ya iya mai da kyauta, ya miƙo mini tasa ta ƙarƙashin benci kamar yadda ya saba wasu ranaku, ya ƙara da ta jiya. Na haɗa uku. Dab da azahar na miƙe zan yi alwala, sai na ga layin 'yan doya ya tashi sama, rufin kasuwa ya dawo ƙasa. Da na farfaɗo ina cikin baron dakon doya, ƙafafuna na lilo, ana gudu da ni. Baba Kudu na biye, dafe da kafaɗar Elijah, riƙe da takalmana, yana kuka yana cewa a taimaka, bawansa zai mutu bai 'yanta shi ba.

Sista Magdalina ta kwantar da ni a benci, ta ɗora ƙafafuna a kan katan, ta auna. Lambar sama casa'in kacal, jinina ya faɗi ƙasa.

“Me ka sha yau?”

Na rufe ido na yi kamar suma ta dawo. Baba Kudu ne ya amsa, da alfaharinsa.

“Kada ki damu, 'yata, ba wani banzan abu ya sha ba. Magani mai kyau na ba shi. Naki ne ma.”

 Ta cire tabarau a hankali.

“Baba, mutum nawa kake ba?”

Ya fara lissafi da yatsu: Sule, Nma, Elijah, mai shayi in kansa ya motsa, wani ɗan ƙanwarsa da ya zo daga Bida, da wani direba da bai ma san sunansa ba.

“Kai kuma fa?”

“Ni ai mai gida ne. In ya rage.”

Ta juyo kaina. Ba ni da sauran wurin ɓuya.

“Malam Sule, rubutun da na ce ka karanta masa fa?”

“Ya karanta mini, 'yata,” in ji Baba Kudu, yana dafa aljihu. “Na gode da addu'a. Ga shi nan ma, kullum da shi nake yawo.”

Ta daɗe tana kallona. Na jira ta fasa ƙwai, ta tsinka ni gaban jama'a, kuma da ta yi ban da bakin magana. Sai kawai ta ce, “To, madalla.” Ta haɗa mini ruwan gishiri da sukari, ta hana ni tashi sai bayan la'asar, tana aunawa tana sakewa har jinin ya dawo daidai. Wannan shirun nata ya fi mini mari zafi.

Washegari muna zuba shayi sai ga ta, ta rufe shago ta zo da abin awo a jaka. Ta ja kujera ta zauna a tsakiyarmu kamar da ita aka kafa majalisar. Ta ce duk wanda ke da ƙwayar Baba a jikinsa ya fito da ita. Nma ya cire hula, ya zazzage ninkinta, guda goma sha ɗaya suka zubo, sun yi launin ƙasa saboda zufa. Elijah ya zaro wani ɗan gwangwani ya ce, “Ni ban sha ba o, Sista. Ina ajiyewa ne saboda ranar wahala.” Ta tattara duka ta ƙulle a leda ta ce sun lalace. Baba Kudu da ya ji yawansu, sai “ashe, ashe” kawai yake yi.

Sannan ta auna kowa. Dukkanmu mun zuba wa tumbin Nma ido, muna jiran abin awon ya fashe. Lafiyarsa ƙalau, kamar ɗan shekara ashirin. Ya tashi ya yi 'yar rawa. Elijah siriri, wanda ba ya cin goro ba ya fushi, ɗari da tamanin. Ta ce ranar wahalar da yake jira ta daɗe da zuwa, gobe ya wuce asibiti a rubuta masa nasa.

Na ɗauka yanzu za ta hau Baba Kudu da faɗa. Sai ta tsiyaya shayi ta ce, “Baba, ka san babana ma reluwe ya yi? Direba ne, a Kafanchan. Yana ba mu labarin wani ƙarfe mai zobe da ake miƙa wa direba kafin ya bar tasha.”

Fuskar Baba Kudu ta washe. Ai shi ne mai miƙawa! Ya gyara zama ya yi mata bayani: layi ɗaya ne tsakanin tasha da tasha, ƙarfen nan shi ne izinin shiga. Wanda ke riƙe da shi kaɗai ke da hanya.

“To in direbobi biyu suka zo, dukansu abokanka, ba sai ka raba musu ba? Ko ka ba wanda ya fi nuna gajiya?”

“Subhanallahi! A raba? Ai mutane za ka kashe! Ko ubanka ne ya zo, sai ya jira nasa.”

“An taɓa ce maka marowaci saboda haka?”

 Ya daɗe yana murza kofi a hannu.

“Baba, likita ya auna jininka ne ya rubuta wannan. Jiya ka ga abin da ya yi wa Malam Sule. Elijah kuma da ke buƙata, wataƙila ba irin wannan ba ne nashi. Ka raba ƙwai, ka raba doya, ka raba duk abin da ka ga dama. Wannan guda ɗaya ka bar wa idonka. Saura mako biyar.”

Ta canja tsari. Ba kwalin wata kuma, na mako-mako ne, kuma a hannun Nna Salamatu. Ya sha a gida bayan sallar asuba, duk Asabar ya zo awo. Nna Salamatu ta ba ni labarin cewa kullum sai ya ɗaga ƙwayar ya ce mata, “Bismillah,” ita kuma ta ce, “Na ƙoshi,” sannan ya juya wa ƙofa baya ya haɗiye, kamar mai satar nama a tukunya.

Jarrabawa ta zo a mako na biyu. Ranar ya makara, ya taho da ƙwayar a aljihu don ya sha da shayi. Sai ga wani tsohon manomi daga Paiko, abokin cinikinsa tun farkon fara doya, ya ce labarin maganin ya kai ƙauyensu, ga shi ƙeya na sara masa wata biyu, a taimaka masa da guda. Na tsayar da keke. Ina kallo hannun Baba Kudu ya tafi aljihu da kansa, ya tsaya a can. 

“Ba zan ba ka ba,” in ji shi. “Wallahi tunda uwata ya haife ni ban taɓa faɗa wa mutum haka ba. Amma tashi, akwai abin da ya fi.”

Ya jefa ƙwayar a baki ba ko ruwa, ya kama hannun manomin. Makaho na jan mai ido, suka nufi shagon Sista Magdalina, ni ina bin su a baya kada mashin ya kwashe su. Tun daga ranar ya sami sabon abin rabo. Duk wanda ya dafa goshi a layin 'yan doya, sai ya ji an kama hannunsa. Mai shayi, mahauta biyu, matan da ke sayar da manja, har wani da ya zo tambayar hanya kawai. Sista ta ƙara benci na biyu, ta ce in Baba bai sassauta ba sai ta nemi rumfa a kasuwar.

Asabar ta farko ɗari da saba'in. Ta uku ɗari da hamsin da biyar. Ranar aikin nas ta auna, ta sake aunawa, ta ce ɗari da talatin da takwas, a shiga da shi. Na zauna a baranda tare da Nna Salamatu, ban san ina da addu'o'i da yawa haka ba. Washegari da aka cire bandejin ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, “Salamatu, ashe ka yi furfura.” Ta ce shi ya sa mata ita.

Bayan mako guda ya dawo kasuwa da baƙin tabarau. Bai ko zauna ba ya zagaya tulin doyar da aka saya masa, yana nunawa da baki, waccan a fitar, waccan ma. Ya wuce ta gaban buhun gawayi ya harare shi. Aka zuba shayi, Elijah ya haɗiye tasa ƙwayar da likita ya rubuta masa, Nma ya fasa goro. Sai na ga Baba Kudu ya sa hannu a aljihun gaba.

 Ya warware kwalin, ya tsufa ya yi laushi, amma jan rubutun na nan raɗau. Ya ɗaga tabarau, ya miƙa hannu nesa, ya karanta a fili, kalma bayan kalma, da irin karatun ma'aikatan da. Ya juya bayan kwalin ko addu'ar na can. Babu.

Ya dubi Nma, ya dubi Elijah, duk suka sunkuyar da kai. Ni ya duba daga ƙarshe, da sabon idon nan da babu abin da ke ɓoye masa.

“Wata uku ka ƙara mini a cikin duhu, Sule.”

Bai ce bawana ba. Na ce, “Baba, kunya na ji.”

“Na sani. Ni ma ita ce ta kusa makanta ni.”

Ya ɗauki burodinsa ya gutsura gida huɗu kamar kullum, ya miƙa wa kowa, ni ma ya ba ni nawa.  Sannan ya ninke kwalin ya danƙa mini a tafin hannu ya rufe yatsuna a kai.

“Riƙe wannan. Babu komai a ciki, 'yata ba zai yi faɗa ba.”

Kwalin yana nan manne a jikin katakon da ke gaban kekena, da ƙusa ɗaya. Masu kawo ɗinki kan tambaye ni wane ne Baba Kudu, sai in nuna musu rumfar da ke kusa, inda ake layin sayen doya.